Ramin Ƙarshe da Akwatin Baba

Jiya da dare wani mafarki na yi, wanda har yanzu in na tuna sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai. Amma bari in fara faɗa muku abin da na kwanta da shi a raina, don da shi na tafi can.

Sunana Lurwanu, gyaran firji nake yi a Rigasa. Surukina, mahaifin matata Saude, yana gidanmu tun bayan sallah, ana yi masa gashin gwiwa a asibiti. Sunansa kuwa ba za ku ji shi a bakina ba, Baba nake ce masa. Mutumin da ya saba da gona aka ce ya zauna a kujera, sai ya daina hira, ya daina dariya. Ran nan ya tarar da ni a falo ina buga golf, wasan nan na jefa ƙwallo rami da sanda, a na'urar gem ɗin da ƙanin Saude ya bar mana da zai tafi bautar ƙasa. Ya dogara sandarsa ya ƙura wa talabijin ido, ya ce, "Wannan ciyawa ta waye, ba a kiwo a kanta?" Daga ranar ya karɓi rimot ɗaya.

Kullum bayan la'asar sai mu buga, shi a kujera, ni a ƙasa bakin ƙofa, kuma kullum shi ke ci. Ba wai ban iya ba ne. Ni da na yi wata da watanni ina renon ɗan wasana a ɓangaren nan da ake fara ka daga ƙaramin kulob, kana hawa kana hawa har ka zama zakaran duniya? Na san hannuna. Amma ina ni ina cin surukina a cikin gidana? Sai in karkatar da bugu, ƙwallo ta faɗa ruwa, in ce, "Kai, Baba, hannunku da kyau!"

To jiya bayan isha'i Baba ya sa aka haɗa masa akwati, wai motar safe zai bi ya koma ƙauye. Likita ya ce da saura, Baba ya ce shi ya gama. Saude ta yi magiya har da hawaye, ya ƙi faɗin dalili. Da ta shigo ɗaki ta ce mini, "Maigida, in Baba ya tafi da ƙafar nan a haka, shi da gona kuma sai kallo." Raina ya ɓaci ƙwarai, da wannan na yi barci.

Sai ga ni tsaye a kan ciyawar nan ta cikin talabijin. Wallahi ta fi kyau a kusa. Rana tana sama amma ba zafi, ba ƙuda ko ɗaya, ba mai gadi da zai tambaye ka wa ka sani a ciki. Can sama wata kibiya ce a rataye tana nuna inda iska ke kaɗawa, don a ƙasar nan iska ba ta zuwa a ɓoye. Na cire takalmi na taka, na ce ko ba komai yau talaka ya shiga lambun manya.

A gindin wata bishiya akwai ofis, tebur da kujera ba bango. Wani bunsuru ne a zaune, da tabarau, yana tauna bakin tuta.

"Sabon zuwa?" in ji shi.

"Ni da na ci kofuna a nan?"

"Kowa haka yake cewa. Zaɓi fuska."

Ya juyo mini da madubi. Hanci iri-iri ne a jere, ga gemu kala-kala, ga gira har da mai tsaga. Na ɗauki nawa na mayar. Da aka zo kan tufafi na ce a ba ni hula zanna da jamfa.

"Babu."

"To kaftani."

"Akwai hana-salla fara, akwai hana-salla ja."

"Gemu kamar a buɗe shago, amma hular mutunci guda ɗaya ta gagare ku?"

Bunsuru ya ce za a duba in za a fito da sabon gem. Ko a jikinsa, ya ci gaba da taunar tutarsa.

Wata da'ira ta bayyana a sama tana juyawa, irin wadda gem ke nunawa in ana jira ya buɗe, duniya ta tsaya cak, har tsuntsun da ke tashi ya tsaya da fiffike a buɗe. Da ta gama juyawa sai ga ni a ramin farko, da sanda a hannu.

Jama'a sun cika gefen igiya maƙil. Na nufe su don in gaishe su, ai ba a shiga taro haka kawai. Na ce wa na farko, wani mai jar riga, "Sannunku da rana." Ya tafa. Na matsa ga wata mata mai laima, ta tafa. Na uku wani mai tumbi ne, shi ma ya tafa. Na huɗu kuwa mai jar rigar nan ne dai, na biyar mai laima, na shida mai tumbi. Ashe duk taron nan mutum uku ne aka yi ta maimaitawa har bayan tsauni. Na gaishe su duk da haka, don ban san wanne ne na ainihin ba.

Wata murya ta sauko daga gajimare, ita ce mai sharhin wasa. Ta ce, "Ga gwarzonmu ya iso." Tun da na fara wasan nan ba ta taɓa iya kiran Lurwanu ba, gwarzo kawai take ce mini, kamar yadda take ce wa kowa. Ta ci gaba, "Kowane zakara da abokin hamayyarsa. Ga wanda aka zaɓa masa."

Na waiwaya. Inna lillahi! Baba ne. Baba cikin gajeren wando.

Na yi maza na kai idona ƙasa. A ƙasan kuma sunansa ne rubuce a kan ciyawa da manyan baƙaƙe, na mayar da ido sama, can ma yana nan a allo. Na rasa inda zan ajiye idona, sai na rufe ɗaya. Amma da ɗayan na ga abin da ya sanyaya mini rai: Baba yana tafe ba sanda, gwiwa garau, har da ɗan tsalle ya ƙetare wani kwari. Rabon da in ga tafiyar nan tun kafin damina.

Na yi niyyar durƙusawa in gaishe shi, gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa. A ƙasar ba a tanadi durƙuso don gaisuwa ba. Sai na tuna akwai tsugunon da ɗan wasa ke yi in zai auna gangaren ciyawa kusa da rami. Shi na ara. Na tsuguna a gaban Baba, sanda a tsaye a gaban hancina, ido ɗaya a rufe.

Baba ya buɗe baki, wata murya da ba tasa ba ta fito: "Yau za ka gane kurenka, yaro."

Amsoshi uku suka sauko suka tsaya a gaban fuskata, wai in zaɓi ɗaya. Ta farko, "Zamaninka ya wuce, tsoho." Ta biyu, "Sai ka yi kuka yau." Ta uku, "Ni ba na magana da 'yan koyo."

Na ce, "Subhanallahi! Ina ta gaisuwa? Ina 'kun tashi lafiya'?"

Muryar gajimare ta ce, "Gwarzonmu yana tunani."

Na ƙi taɓa ko ɗaya. Muka yi ta tsayuwa, har suka gaji suka zaɓi kansu. Na ji bakina da kansa yana cewa, "Zamaninka ya wuce, tsoho." Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige. Mutum ukun nan suka tafa.

Ana haka sai ga mota ta shigo kan ciyawa, irin doguwar nan ta tasha mai ɗaukar kaya a sama. Bunsurun nan ne a sitiyari. Ashe a ƙasar nan ma'aikaci ɗaya ne, shi ne ofis, shi ne direba, shi ne ɗan kamasho. Ya leƙo ta taga yana kira, "Ƙauye! Ƙauye! Saura mutum ɗaya!"

Na ce, "Wa za ka ɗauka?"

"Ɗayanku, in an gama wasa."

Bai ƙara ko kalma ba, ni kuma ban tambaya ba, don a ganina abin a fili yake. Wanda aka ci shi zai hau. Na ce a raina to shi ke nan, abu ya zo da sauƙi. In sha kaye, Baba ya zauna ya ƙarasa gashinsa, ni a kai ni ƙauyen. Ai ba a rasa firji ko ɗaya da ya lalace a can.

Baba ya fara bugawa. Ya yi kyau, ƙwallo ta sauka tsakiyar fili. Ni kuma na juya sanda ta baya, na rufe ido, na ɗan taɓa ƙwallon kamar mai korar ƙuda daga tuwo. Ta tashi fiu, ta bugi bishiya, ta dawo ta bugi laimar matar nan, ta gangara ta bi ta tsakanin ƙafafun mai tumbi, ta shige rami.

"Bugun da ba a taɓa gani ba!" in ji muryar gajimare. Haka take cewa kullum.

A rami na biyu na buga baya, wajen da muka fito. Ƙwallon ta zagaya duniya ta ɓullo ta gaba ta faɗa rami. Nan na gane abin da ya same ni. Duk watannin da na yi ina tara maki ina ƙara wa ɗan wasana ƙarfin damtse, da saiti, da natsuwa, su ne suka taru a jikina. Da ina ƙaramin kulob kowane bugu sai na yi gumi, kuma wallahi lokacin wasan ya fi daɗi. Yanzu na ƙoshi har kuskure ya gagare ni.

Da'irar nan ta juya. Sai ga ni a ofishin bunsuru, ana ruwan sama. Ruwan daga ciyawa yake tashi yana komawa gajimare, don haka ƙasan haɓata ne kawai ya jiƙe.

Na ce, "Na zo mayar da ƙarfi. A rage mini damtse."

"Ba a ragewa. Ƙari kawai ake yi a nan."

"To a ba Baba."

"Ba a kyauta. Kowa da rayuwarsa, mutum ɗaya aka yanka wa wurin nan."

"Wace irin rayuwa ce mutum ba zai iya ba surukinsa abu ba?"

Ya duba ni ta saman tabarau, ya ce wani kamfani yana son in sa takalminsa, in na yarda za a ba ni sabuwar jaka. Na ce ya riƙe jakarsa. Har na juya zan tafi sai ya ce, "Tafki dai ba ruwansa da maki. Abin da ya shiga ya shiga."

Madalla! Ai ni da tafki mun saba tun a falo.

Daga nan wasa ya dawo hannuna. A rami na gaba na saita tafki sosai, na ba shi dukkan ƙarfin da na tara. Tsulum! Na juya na ce, "Kai, Baba, hannunku da kyau!" Mutum uku suka tafa. Sai na ga butar alwalar Baba ta fito daga cikin ciyawa, tana tafe da kanta, ta kama tsani ta hau saman mota ta zauna.

Na ce wa bunsuru, "Malam, kuskure ake yi. Wannan butar Baba ce, ni zan hau."

Ya ce, "Kaya sun san mai su."

Ban tsaya sauraron shirmen akuya ba. Rami na gaba, tsulum. Dardumar Baba ta naɗe kanta ta hau mota. Na gaba, tsulum. Rediyonsa ta hau tana labaran rana. Motar tana biye da mu a hankali a kan ciyawar mutane, bunsuru yana ta "Ƙauye! Ƙauye!" Ni kuwa murna nake, don a allo Baba ya kamo ni har ya wuce. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Tsallen nan da Baba yake yi ya daina. Da aka jima ya fara ɗingishi, da aka ƙara jimawa na ga sandarsa ta gida ta dawo hannunsa. Na ce wataƙila gajiya ce, na ƙara jefa wata a tafki don a gama da wuri ya huta.

Da'ira ta juya, muka tsinci kanmu a ramin ƙarshe. Wuri ne mai kyau har ba a magana: tuta can a kan wani tsibiri, ruwa ya kewaye shi, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Allo ya nuna bugu ɗaya ne tsakaninmu. In na kai tsibirin na ci, in na jefa ruwa Baba ya ci. Na gyara tsayuwa, na saita ruwa.

Sai ga akwatin Baba, shuɗin nan mai igiya da Saude ta haɗa jiya, yana jan ciki a kan ciyawa ya nufi mota.

Baba ya buɗe baki, muryar aron nan ta fara, "Yau za ka gane..." Sai ya sa yatsu biyu a baki ya zaro maganar kamar mai cire ƙayar kifi, ya wurga ta tafki. Amsoshi ukun nan suka sauko gabana, ya sa sanda ya kaɗe su. Ya yi gyaran murya, muryarsa ta gaske ta fito.

"Malam Lurwanu."

Na ari tsugunon auna ciyawa. "Na'am, Baba."

"Ka ga mutanen can?"

"Na gan su, Baba."

"In na buga daidai su tafa. Ɗazu na bugi bishiya, suka tafa. Da zan faɗi a nan in karye, tafawa za su yi." Ya nuna su da sanda, suka tafa. "To tun da gwiwar nan ta kwanta, haka gidanka ya koma. In na shanye kunu Saude ta ce sannu da ƙoƙari. In na ɗaga ƙafa likita ya ce madalla, kamar yaron da ya fara tatata. Na ce to ga wuri ɗaya da ba ruwansa da gwiwa, yatsa ne da ido, nan zan kara da namiji in ji ko da sauran wani abu a jikina. Ashe kai ma mai jar riga ne."

Na ce, "Baba, kunya ce."

"Kunya? Ni na yi kokawa a dandali kafin a haife ka. Wanda ya kayar da ni muna cin tuwo tare har yau. Wanda ya kwanta mini da gangan kuwa ban sake gaishe shi ba. Kana tsammani ban san ruwa ba ya kiran ƙwallo? Idona ne ke ciwo ko gwiwa?"

Kunyar da na ji ta ninka ta gajeren wando. Akwati ya riga ya kama tsanin mota. Baba ya juya ya bi bayansa yana ɗingishi, bunsuru ya buɗe masa ƙofar gaba.

Na ce, "Baba, ku dakata."

Bai tsaya ba.

Na miƙe. Na dubi kibiyar iska, tana turawa hagu. Na canja sanda, na ɗauki wadda nake ji da ita. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma yau sai na ci ku." Wannan ba a cikin amsoshinsu take ba, tawa ce. Na ja da baya na sakar mata hannu gaba ɗaya.

Kai! Wanda bai taɓa jin ƙarar bugun da ya zauna daidai ba, ba zai gane abin da ke hana mu barci a kan wasan nan ba. Ƙwallon ta tashi ta ƙetare ruwa, iska ta lanƙwaso ta kamar yadda na lissafa, ta sauka a tsibirin ta fara gangarawa wajen tuta. Mutum ukun nan, karo na farko, suka manta da tafi.

Baba, ƙafa ɗaya a cikin mota, ya waiwayo. Ya buga wata irin dariya da ban taɓa ji a gidana ba. "Yauwa! Ja'iri, ashe da hannu kake ɓoyewa!" Ya zaro ƙafarsa ya jefar da sanda. Buta ta diro, darduma ta warware, rediyo ta sauko tana kiɗa. Akwati ya tsaya a tsakiyar tsani yana jira ya ga ƙarshe. Bunsuru ya kashe mota ya ce shi dai an ɓata masa lodi.

Ƙwallon tana ta gangarawa a hankali. Ta zo bakin rami ta bugi sandar tuta, ƙwas. Ta ja baya ta sake bugawa, ƙwas, ƙwas. Na ce shiga mana, baiwar Allah! Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, sandar Baba ce ke ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinmu.

Na fito da sauri na durƙusa, gwiwa ta lanƙwasu lafiya lau. Akwatin yana bakin ƙofar falo, an ɗaure shi da igiya, buta da darduma a kai. Baba ya sha babbar riga. Ya amsa gaisuwata a gajarce, ya nuna talabijin da haɓa.

"Motar ba ta cika sai hantsi. Kunna mana mu yi na sallama."

Na kunna, na miƙa masa rimot da hannu biyu, na koma bakin ƙofa na zauna. Ban kalli tafki ko sau ɗaya ba. Na yi masa cin da ko a gidan gem ban taɓa yi wa wani ba. Saude tana tsaye da kofin kunu, ta zaro ido tana yi mini alama da hannu, na yi kamar ban gani ba.

Aka gama. Baba ya daɗe yana kallon allo. Ya dube ni, ya sake duban allo, gefen bakinsa yana motsi. Sannan ya tuɓe babbar rigar ya rataya a hannun kujera, ya gyara zama.

"Ke Saude, mayar da akwatin nan ɗaki. Ba inda za ni sai na rama."